Bakin da bai leƙa ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Maigidana ya riga ni. Ina zaune cikin takaba a ɗakin da aka kawo ni ina yarinya, nan cikin Birnin Damagaram, na ce wa autarmu ta ɗauko biro ta rubuta abin da zan faɗa, don ni ban yi lakol ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Tsoro nake kada a manta da shi. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Bai fito ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. In kuka ya tsayar da ni, auta, ki jira.

Ranar da ya rasu rairayin lungunmu bai ga rana ba saboda tabarmi. Badukai ƴan'uwansa suka rufe rumfunansu. Fataken Kano da ke sayen jakunkunansa suka bar kaya a kasuwa suka zo. Ni ina ciki, mata na shigowa suna cewa, “Ya haƙuri?” ina cewa, “Da godiya,” ban ma san wa nake amsa wa ba.

Maƙwabciyarmu Babarbariya, wadda muka tsufa tare, ta zauna kusa da ni ta ɓare goro. Ta kai shi baki, sai ta tsaya.

Ta ce, “To, yau dai sai mu ci goronmu mu washe baki. Ba mai cewa buɗe in gani.”

Mata suka yi dariya. Ita kuwa ta fashe da kuka, goron na hannunta.

Da safiyar sadakar uku aka ce mini in leƙa ta taga. Jikokinmu ne da yaran maƙwabta suka jeru a ƙofar zaure, kowa da asuwaki a baki, suna kallon buzun da yake zama. Ba wanda ya sa su. Wata mata kuma ta zo daga ƙauyen Guna tare da budurwa doguwa mai ɗan tabo a kumatu. Ba wanda ya gane su sai ni. Budurwar ta durƙusa ta riƙe ƙafata.

A waje, wanda ke karɓar gaisuwar maza shi ne ɗanmu na fari. An ce mini bai yi kuka ba. An ce ya zauna da takunkumi a baki, irin wanda aka riƙa sawa lokacin annoba, bai cire ba ko da aka kawo abinci. Mutane suka ɗauka mura ce. Ni na san abin da ke bayan ƙyallen nan, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni fiye da mutuwar kanta. Zan zo kansa.

Maigida baduku ne ɗan baduku. Yana ɗinka kube, alabe, tumtum da jakar mata, jar fata da kore. Yakan ce baduku hannunsa uku: dama, hagu, da haƙori. Da haƙori yake riƙe zare, da shi yake jan ɗinki ya ɗame. Kuma yana da haƙora masu kyau, farare, da wushirya a tsakiya. Wushiryar nan na fara gani ranar da aka kawo ni, kafin in ga sauran fuskar.

Yana cikin ƙarfinsa, gemu bai gama fari ba, wata rana da hantsi ya shigo gida da hannu a dunƙule. Ya buɗe mini. Haƙori ne.

Ya ce, “Na ja zare, ya biyo zaren.”

Na ce, “Malam, faɗuwa ka yi?”

“Ko kaɗan. Duba shi. Ba rami, ba tsaga. Ko zafi bai yi mini ba.”

Sai daga baya muka riƙa tunawa. Shekaru yana ganin ja a kan asuwakinsa, yana cewa goro ne. In jan ya yi yawa sai ya ce icen ne ya yi tauri, ya daina goge wannan gefen don kada ya fama. Ashe nan ne ya fi buƙatar a goge. Aka ce tsutsa ce. Aka kai shi wurin mai magani, aka turara masa hayaƙi, aka nuna masa wasu fararen abubuwa cikin ƙwarya aka ce ga su nan sun fito. Kafin kaka wani haƙorin ya bi na farko, turamen kuma suka fara girgiɗa. Wani abokinsa Bakano ne ya ja shi kusan da ƙarfi zuwa asibiti, wurin lokotoron haƙori. Can aka kankare masa wani abu mai tauri da ya daskare a gindin haƙoran, baƙi-baƙi kamar ƙanzo. Lokotoro ya ce dauɗar abinci ce ke taruwa inda haƙori ya haɗu da nama, in an bar ta sai ta zama dutse, asuwaki ba ya fitar da ita kuma. Ita ke sa dasashi ya kumbura, ya yi jini, ya janye, har abin ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori. Waɗanda suka riga suka tafi, sun tafi. Kaɗan aka ceto masa.

Ya dawo gida ya zauna. Can ya nuna katangar bayan gidanmu, wadda damina ta cinye gindinta.

Ya ce, “Kin taɓa ganin katanga ta faɗi daga sama? Gindi ruwa ke ci. Mu kuwa muna ta yaɓe kai.”

Haƙorin nan na farko bai jefar ba. Ya ɗinka masa ƴar jaka ta jar fata, ya rataya a wuya. Baƙi suna ɗauka laya ce. In yaro ya ƙi goge baki, sai ya buɗe ya zube masa shi a tafin hannu. “Ka ga? Lafiyarsa lau. Mazauninsa ne ya lalace.”

Da ni ya fara. A lokacin ina cin fure. Ƴan yanzu ba su san shi ba: furen taba ne, ana goga shi a haƙora tare da goro har su rine su yi ja. A zamaninmu shi ne ado. Macen da ta yi dariya a gidan biki da farin haƙori, sai a ce ba ta waye ba. Kuma ba yabon kai ba, a lungun nan ba wadda nata ya kai nawa kamawa.

Ya ce, “Mai fure, ki bar furen nan wata ɗaya in ga abin da ke ƙarƙashi.”

Na ce, “Da jan bakin nan na same ka. Yau shi ne laifi?”

Ya ce, “Shi ya sa nake so bakin ya daɗe.”

Na yi fushi. Kwana da kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana. Shi kuwa kullum ya dawo sai ya ajiye mini sabon asuwakin marke a kan faifai, ya wuce. Wata safiya na ce bari in goge don ya ƙyale ni. Na goge, na kurkure, na tofar. Ja. Na sake kurkurewa, ba fure ba goro, na tofar. Ja. Na ɗaga kai na gan shi tsaye da buta.

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Jini ba goro ba ne.”

Na bar fure daga ranar. Na ci gaba da gogewa a hankali kamar yadda ya nuna mini, aka kai ni aka kankare, jinin ya tsaya. Ga ni yau na tsufa tukuf, ina tauna aya. Amma har ya koma ga Allah, Mai fure yake kirana.

Daga nan abin ya zame masa kamar wuridi. Da safe in rana ta shigo zaure, sai ya zauna kan buzunsa, yara su zo gaisuwa. Kafin su miƙe sai ya ce, “Buɗe in gani.” Ya juya fuskar yaro wajen haske, ya sa shi ɗaga leɓe da kansa. Ba farin haƙori yake dubawa ba. Yakan ce dasashi mai lafiya a ɗame yake, ya riƙe haƙori kamar yadda kube mai kyau ke riƙe wuƙa. In ya gan shi ya yi ja, ya kumbura yana sheƙi, ko ya ji wari bayan an wanke baki, sai ya girgiza kai. In babba ne kuma haƙorinsa ya ƙara tsawo, sai ya ce, “Kai, a shekarunka haƙori ba ya girma. Nama ne ke gudu.” In ya ga ruwa fari na fita daga gindin haƙori, ko haƙori na motsi, ba ya ba da magani. Hanyar asibiti yake nunawa.

Jikokinsa mata suna tsokanarsa. Wata takan ce, “Tsoho wawulo, ni na fasa aurenka. Kai ba ka da su, ka dame mu da namu.”

Ya ce, “Amarya, wanda ɓarawo ya yi wa sata shi ya fi iya gadi.”

Da buroshi da man goge baki suka yawaita, matasa suka so su ja shi gardama, tsakanin asuwaki da buroshi wanne ya fi. Bai ɗauki ɓangare ba. Ya ce ko wanne ka riƙe, ka riƙe shi da gaskiya: da safe, da kuma kafin ka kwanta, ciki da waje, ka bi layin da haƙori ya haɗu da nama, a hankali, ba kamar mai kankare tukunya ba. Ya hana goga gawayi da toka. Tsakanin haƙora kuwa zare yake sa a bi, ya ce lokotoro ne ya nuna masa, kuma wannan kaɗai ne a cikin karatun da baduku ya riga lokotoro iyawa. Kun san halin ruwa a Damagaram. Ko ranar da famfo ya ɗauke, ƴan garuwa suka yi wuyar gani, sai ya ware kofi ɗaya ya ce, “Wannan na baki ne.” Jariri ma bai tsira ba. Tun kafin haƙori ya fito yake sa a shafe masa dasashi da tsumma mai tsabta. Yaro kuma ba ya kwana da alawa a baki a gidan nan. Shi kansa, da ya kusa zama ba ko ɗaya, bai daina wanke dasashinsa da harshensa ba.

Surukai mata ne ba ya iya cewa su buɗe. Da kunya. Sai ya koya mini, na zama idonsa a cikin gida. Na tuna da matar ƙaramin ɗanmu ta sami ciki, dasashinta ya kumbura yana jini. Tsofaffin mata suka ce ai haka yake, kowane ciki da haƙorinsa. Na kai masa maganar. Ya ɗaga murya daga zaure yadda za a ji a tsakar gida, kamar da bango yake magana.

“Jariri ba shi da hannun cire haƙori! Ciki na sa nama ya yi laushi, gaskiya ne. To sai a ƙara kula, ba a saki ba. A goge a hankali, kuma in an je awo a faɗa musu.”

Yarinyar tana ɗaki tana dariya cikin zane. Ta haihu sau huɗu, bakinta cike.

Yana da aboki tun na yaranta, mai zuba garin taba a ƙarƙashin leɓe. Sun yi faɗa a kan haka har suka daina zama tare wata guda. Abokin ya ce, “Bakinka ne ko nawa?” Ya ce, “Naka ne, amma ni nake zama kusa da shi.” Mutumin nan bai bar taba ba. Ranar jana'iza an ce shi ya fi kowa kuka, da bakinsa fayau.

Budurwar nan ta Guna kuwa, a goye ya fara ganinta. Uwarta ta zo tallar gyaɗa, ta tsaya shan ruwa a zaurenmu. Yarinyar ta tashi daga ƙyanda, ta rame, miyau na zuba, ga wani wari. Ya ajiye basilla.

Ya ce, “Baiwar Allah, sauke ta in gani.”

Dasashin ya ruɓe a gefe, kumatun ya kumbura ya fara duhu. Uwar ta ce an ba ta rubutu ta sha, in ta sayar da gyaɗa za ta kai ta likita mako mai zuwa.

Ya ce, “Gyaɗa ta sayu. Ajiye ta nan.”

Ya bar aikinsa a buɗe, ya tare musu kabu-kabu, ya hau wani ya bi su. A asibiti aka ce masa irin wannan ba ya jiran mako, cikin kwanaki yake huda kumatu ya ci fuska, kuma yaran da yunwa ko ƙyanda ta raunana ya fi kamawa. Aka riƙe su, aka yi mata allurai, aka ciyar da ita. Ta tashi da ɗan tabon nan kawai. Mu kuwa muka yi wata muna cin gyaɗa, shi da ya saya ba shi da turmin tauna ko ƙwaya ɗaya. Sai ƙuli-ƙuli na yi, na jiƙa masa.

Bakin da bai leƙa ba a duk lungun nan ɗaya ne: na ɗansa na fari.

Kun san al'adarmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa, uwar maigida, ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya ya tashi yana ce mini. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, shi kuma ubansa ya ce wancan. In yara suka jeru da safe, shi sai ya gaida daga bakin ƙofa ya wuce. Ba ƙi ba ne. Ni na san dare nawa mutumin nan ya yi yana yi masa addu'a. Amma haka muka tarar, haka muka riƙe.

Yaron ya girma ya zama babban ɗan kasuwa, ya je Makka, ya gina gida a bayan gari. Duk ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, sai ya aiko wa ubansa kilishi. Ya san ubansa na son kilishi tun yana saurayi. Bai san ba ya iya taunawa ba, ko kuma ya sani bai san abin da zai aiko maimakonsa ba. Sai in daka shi a ƙaramin turmi ya yi laushi, maigida ya ci yana lumshe ido. Wannan kilishin shi ne hirarsu.

Shekarun baya aka ce yaron na da ciwon sukari. Maigida ya damu, don lokotoro ya taɓa gaya masa sukari da ciwon dasashi jan juna suke, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Sai ya fara lura daga nesa. Yaron na rufe baki da hannu in zai yi magana. Yana tauna da gefe ɗaya. Maigida ya aika masa damin asuwaki ta hannun ƙaninsa. Aka dawo da godiya. Ya aika buroshi ta hannun matarsa. Aka dawo da godiya. Ya ce mini, “Ki gaya wa wancan.” Na ce, “Ni? Da wane bakin?”

Sai babbar sallar bara. Maza sun taru a zaure ana cin naman layya, har da abokan kasuwancin yaron, Kanawa da ƴan gari. Ina jiyo su daga bayan labule. Maigida ya ga kowa na yagar nama, ɗansa kuwa romo kawai yake kurɓa. Ya gan shi ya goge baki da hankici, ya ga ja.

Ya ce, “Mene ne wannan?”

Kowa ya ɗago kai, don ba a taɓa jin ya yi masa magana kai tsaye a cikin taro ba.

Yaron ya ce, “Goro ne, Baba.”

Na san da wata kalma ya faɗa, da abin ya wuce. Amma wannan ita ce ƙaryar da ubansa ya yi wa kansa shekaru.

Ya ce, “Buɗe in gani.”

Alhaji guda, mai furfura, mai surukai. Wani Bakano ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya ce, “Baba, ai mu ma sai a jera mu.” Ba wanda ya yi dariya.

Maigida ya ce, “Bakinka na wari. Haƙoranka na tafiya. Ina kallo, na yi shiru don kunya. Kunya ba za ta tauna maka nama ba.”

Na ji motsin riga. Na ji an sa takalmi. Yaron ya fita.

Alhamis ta zo, kilishi bai zo ba. Bai daina gaisuwa ba, yaron nan ba mara tarbiyya ba ne. Duk Juma'a zai tsaya bakin zaure da takunkumi a baki, ya ce, “Baba, ina wuni,” a amsa, ya tafi. Na ce wa maigida, “Ka kunyata shi. Da ka kira shi gefe.” Ya ce, “Na sani, Mai fure. Shekara hamsin ban koyi yadda ake yi masa magana ba. Da na buɗe baki sai ta fito a karkace.” Sannan ya ce, “Amma in fushin zai kai shi asibiti, na yarda ya yi ta yi.” Fushin bai kai shi ba.

Makonni kafin rasuwarsa ya ciro ƴar jakar nan daga wuyansa ya miƙo mini. Ya ce igiyar na damun fatarsa. Na ajiye. Har na kai ƙofa sai ya ce, “In ta yi, ki ba wancan.” Ban tambaye shi in mece ce ta yi ba.

Da hantsi ya tafi, a kan buzunsa, bayan yara sun gama gaisuwa sun watse. Ba jinya. Na kai masa kunu na tarar ya jingina da bango, basilla na cinyarsa. Na ɗauka gyangyaɗi ne. Na ce, “Malam, kunu zai huce.”

Dakata, auta.

To. Rubuta.

Bayan sadakar arba'in, baƙi sun ragu, yaron nan ya zo gaishe ni da la'asar. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, fuskarsa a gefe, tawa a gefe.

Ya ce, “Yaya, ina wuni. Akwai abin da ake buƙata?”

Na ce, “Shigo.”

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Na sake faɗa. Ya shigo ya zauna a ƙasa. Na miƙa masa jakar.

Ya ce, “Na san abin da ke ciki.”

Na ce, “Ka ji labari. Duk yaran lungun nan sun riƙe shi a hannu, ban da kai.”

Ya kwance bakin jakar ya zube shi a tafinsa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Fari, cikakke, ba rami. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga takunkumin na jiƙewa daga sama.

Ya ce, “Tun ranar nan na san gaskiya ya faɗa. Tsoro nake in je a ce duka za a cire. Kuma na ce sai na gyara sannan in zo in zauna gabansa. Ban je ba, ban zo ba.”

Ni ba malama ba ce, ban san abin da ake cewa ba. Sai na kira sunansa. Na yanka, wanda aka raɗa masa. Kar ki rubuta shi, auta. Ya ɗago kai a firgice, don tunda na haife shi bai taɓa jin sa a bakina ba.

Na ce, “Matso wajen haske. Buɗe in gani.”

Ya cire ƙyallen. Ya buɗe.

Na ga abin da ubansa ya koya mini in gani: nama ya kumbura ya janye, dutse ya daskare a gindi, na ƙasa biyu suna rawa. Amma turamen na tsaye. Kuma na ga abin da ba wanda ya gaya mini. Wushirya. Ta ubansa, sak, irin wadda na gani ranar da aka kawo ni gidan nan. Shekara hamsin da wani abu tana yawo a gabana, ina kawar da kai.

Na ce, “Gindin bai gama ciyuwa ba. Gobe za ka je.”

Ya ce, “To, Inna.”

Ya je. Biyun nan na ƙasa ba su cetu ba, an cire. Sauran an kankare, an ce ya riƙe sukarinsa da kyau, ya riƙa komawa ana dubawa. Wushiryar na nan.

Alhamis ɗin da ta wuce kilishi ya dawo gidan nan. Ba aike ba, shi ya kawo da kansa. Ya ajiye gabana ya ce in ci, shi bakinsa bai warke ba tukuna. Na tashi na ɗauko ƙaramin turmin ubansa, na daka masa har ya yi laushi. Ya zauna kan buzun nan ya ci, yana lumshe ido.

Ya Allah, ga bawanka baduku ya zo maka da baki fayau da hannu mai kanta. Ka yafe masa maganar da ta fito a karkace, ka karɓi wadda ta fito daidai. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi. Mu da muka saura, ka kyautata namu ƙarshe. Wanda duk aka karanta wa wannan, ya yi masa addu'a, sannan ya kira na gidansa wajen haske, babba da yaro. Ya fara da wanda yake jin kunya.